Yadda za ka gane dangin halittu masu gashi a ɗigon ruwan kududdufi

Shekara goma sha bakwai ke nan ina koyar da ilimin halittu a wata makarantar sakandare a cikin garin Jos. Duk shekara idan muka iso babin ƙananan halittu, abin da littafi yake miƙo mana bai wuce hoto ɗaya ba: Paramecium a kwance kamar tafin silifa, an jajja masa kibiyoyi. Yara su zana, su haddace, su wuce. Abin yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin Paramecium ɗa ɗaya ne tak a gidan da masana suka rubuta sunayen 'ya'yansa wajen 8,000, kuma da yawansu suna nan kusa da mu, a kududdufan da haƙar kuza ta bari a Rayfield da Bukuru, da gefen dam ɗin Lamingo, har da kwatar bayan gida.

Sunan gidan a wurin masana Ciliophora. Ni da ɗalibaina "masu gashi" muke ce musu, saboda jikinsu, wanda ƙwayar halitta ɗaya ce rak, yana ɗauke da 'yan gajerun gasu masu kaɗawa kamar ana tuƙa kwale-kwale. Zan nuna maka yadda za ka ɗebo su, ka kiwata su, ka gan su, sannan ka san wane ne ɗan'uwan wane. Wannan na ƙarshen shi ne inda aikin yake, don a gidan nan kama da wane ba ta wane.

Kayan aiki ba su da yawa. Madubin likita irin na makaranta, mai ƙara girma sau 40 da 100 da 400, ya wadatar. Namu tsohon yayi ne mai karɓar hasken taga, ko an ɗauke wuta aiki ba ya tsayawa. Ka nemi kwalaben Bama uku ko huɗu ka ɗauraye su sosai, kada sabulu ya rage a ciki, da gilashin ɗora samfuri da siririn murfinsa, da abin ɗiga irin na maganin ido, da auduga, da littafi da fensir.

Idan ka je bakin ruwa, kada ka ɗebi garai-garai na tsakiya, babu kowa a can. Gefe za ka nufa, inda gansakuka take, inda ganye ya ruɓe. Daga kududdufi ɗaya nakan cika kwalba uku. Ta farko yanar da ke saman ruwa. Ta biyu na tsinko gansakuka da ciyawar ruwa na matse su a ciki. Ta uku baƙin taɓon ƙasa mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, domin a can ne masu gudun iska suke zaune. Ina roƙonka da Allah ka yi hattara da kududdufan kuza: gaɓarsu a tsaye take, zurfinsu ba ya nunawa daga sama. Ka ɗaure kwalbar a doguwar gora ka miƙa, kai kana kan busasshiyar ƙasa. Ka sa safar hannu ko leda saboda tsargiya. Kada ka cika kwalba har baki, kada kuma ka toshe ta idan ka isa gida. Ka rubuta wuri da kwanan wata a jikinta tun kana bakin ruwan.

A gida ka jefa ƙwayar dafaffiyar shinkafa ɗaya ko biyu a kowace kwalba. Shinkafar tana kiwon bakteriya, masu gashi kuma su ci bakteriyar. Ƙwaya biyu na ce, idan ka zuba da yawa ruwan zai yi tsami kowa ya mutu. Idan ruwa ya ragu ka ƙara na sama ko na rijiya, ban da na famfo mai kulorin. A ajiye a inuwa. Sanyin Jos na Disamba da Janairu yana sa su nawa, abin da zai cika kwalba cikin kwana huɗu a watan Afrilu sai ya kai mako biyu, don haka lokacin hunturu nakan matsar da nawa kusa da madafi. Akwai wani gwaji da nake so kowa ya fara da shi: ka jiƙa busasshiyar ciyawa ko ɗan turɓayar gona da ruwan da ka tafasa ya huce. Cikin kwana ɗaya zuwa biyu za ka ga wasu masu siffar ƙwayar wake suna yawo. Colpoda ke nan. Suna kwana cikin ƙoƙon kariya duk tsawon rani, ruwa na taɓa su su farka. Paramecium ba ya yin haka, sai ka ɗebo shi daga ruwa.

Wajen ɗorawa, ɗigo ɗaya daga kusa da shinkafar ko daga yanar sama, ka baza 'yan zaren auduga a kai, ka rufe. Zaren yana zame musu shinge. Ni na fi son yauƙin kuɓewa da aka tsarma da ruwa, ɗigo ƙarami a gefe, yana rage musu gudu ba tare da ya kashe su nan take ba. Ka fara da ƙaramin idon madubi, mai ƙara girma sau 40, ka kuma rage haske. Mafi yawan waɗanda suke ce mini ba su ga komai ba, haske ne ya yi musu yawa. Jikin halittun nan kamar gilashi yake, sai an ɗan duhunta suke fitowa.

Tambayar farko: wannan da kake gani ɗan gidan ne kuwa? Ba duk mai gashi ba ne. Rotifa, wadda take da rawanin gashi a ka kamar taya biyu na juyawa, dabba ce mai ƙwayoyin halitta da yawa, idan ka duba wuyanta za ka ga muƙamuƙi yana tauna. Alamar gidan ta gaskiya a ciki take: cibiya iri biyu, wato ɗan ƙullin nan na cikin ƙwayar halitta da ke riƙe da bayanan gado. Babbar cibiya ita ke tafiyar da harkokin yau da kullum, ƙarama kuma ma'ajiyar gado ce da ake taɓawa lokacin aure. Aurensu shi ne biyu su manne gefe da gefe, su yi musayar ƙananan cibiyoyi, su rabu, kowa ya rushe tsohuwar babbar cibiyarsa ya gina sabuwa. Idan za su hayayyafa, galibinsu a gicciye suke rabewa, gaba da baya. Don ka ga cibiyar, ka ɗiga rinin metil girin mai ɗan asid ɗin asetik a gefen murfi, ka ja shi da takarda ta ɗaya gefen. Babbar cibiyar Paramecium kamar ƙoda take, ta Vorticella kamar lauje, ta shuɗin Stentor kuwa jere take kamar carbi.

Da wannan ma'aunin aka fitar da wasu aka shigo da wasu. Opalina, wadda ke zaune a hanjin kwaɗo, gashi ne da ita tun daga sama har ƙasa, an daɗe ana lissafa ta a gidan, amma cibiyoyinta masu yawa duk iri ɗaya ne, kuma asalinta wani reshe ne dabam. Su kuma Suctoria, da suke maƙale a jikin ciyawar ruwa da tsinkayen tsotso kamar an soka allurai a lemo, babbansu ba shi da gashi ko ɗaya, amma 'ya'yansu da gashi suke fita, cibiyarsu kuma biyu ce. 'Yan gida ne na haƙiƙa.

Kafin mu shiga ɗakunan gidan, ga wani abu da yake sa aji ya yi tsit duk shekara. A ƙarƙashin fatar masu gashi akwai wasu 'yan jakunkuna shimfiɗaɗɗu a jere. Irin jakunkunan nan suna jikin Plasmodium, ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, da kuma wasu ƙananan halittun teku da ake kira dinofilajilet. A 1991 masanin Ingila Thomas Cavalier-Smith ya haɗa su uku a ƙarƙashin suna Alveolata, binciken DNA, wato zaren gado, kuma ya tabbatar. Wato Paramecium ya fi kusa da ƙwayar maleriya a kan Amoeba da littafinmu yake ajiye shi kusa da ita.

Yanzu rabon ɗakuna. Tun da Antonie van Leeuwenhoek ya fara hango ƙananan halittun ruwa a garin Delft na ƙasar Holan a 1674, abin da ido ya gani da shi aka yi ta rabo. A tsakiyar ƙarni na 19 Friedrich Stein ya kasa su huɗu bisa inda gashi ya tsiro: masu gashi ko'ina, masu gashi iri biyu, masu gashi a ciki kawai, da masu gashi kewaye da baki. Daga baya, bayan an gano yadda ake rina su da azurfa har layukan gashi su fito ɓaro-ɓaro, sai hankali ya koma kan baki. Littafin John Corliss na 1979 aji uku, wato manyan ɗakuna uku, ya kasa su, kusan duk bisa tsarin baki. Matsalar ita ce baki sana'a yake bi. Duk wanda yake tace bakteriya daga ruwa zai buƙaci matata, ko daga wane gida ya fito. Mahauta biyu su riƙe wuƙa iri ɗaya bai sa sun zama 'yan uwa ɗaya uba ɗaya ba.

Waɗanda suka sauya lissafin su ne Eugene Small da Denis Lynn, a farkon shekarun 1980. Da madubin lantarki suka duba saiwar gashin jiki. Kowane gashi yana da gindi a ƙarƙashin fata, da zaruruwa da suke fita daga gindin ta fuskoki daban-daban, kuma tsarin zaruruwan nan ba ya saurin canzawa yadda baki yake yi. Nakan ce wa yara wannan ita ce tsagar gado: tufafi da sana'a suna canzawa, amma wanzami yana duban kunci ya faɗi gidan da mutum ya fito. Da aka fara karanta DNA ɗinsu, sai ya goyi bayan yawancin rabon nasu, ya gyara wasu. A littafin Lynn na 2008 gidan ya tsaya a manyan sassa biyu da aji 11. An ƙara wasu azuzuwan bayan nan, kamar Cariacotrichea da aka samo a zurfin teku mara iska kusa da Benezuwela, amma ginshiƙin yana nan.

Kai da madubin makaranta ba za ka ga saiwar gashi ba. Abin da za ka yi shi ne ka gane jinsin da ido, ta siffa da tafiya da baki, sannan ka ɗora shi a inda bincike ya ajiye shi.

Sashe na farko, Postciliodesmatophora, aji biyu ne kawai. Idan ka ga ƙato mai siffar kakaki, ya kafa gindi a jikin ganye, bakinsa na kewaye da rawanin gashi yana jan ruwa kamar guguwa, ka taɓa gilashi ya dunƙule, Stentor ne. Ranar da na fara samun shuɗinsa a ruwan wani kududdufi a Rayfield, wata ɗaliba ta ɗago kai daga madubin ta ce, "Malam, wallahi numfashi yake yi." Jakar fitar da ruwansa ce ta gani tana cika tana matsewa. Spirostomum ɗan ajinsu ne, dogo kamar zare, yana kai milimita biyu zuwa uku har ido yana ganinsa a jikin kwalba. Blepharisma kuma ruwan hoda ne. Sunan ajin Heterotrichea. Maƙwabcinsu Karyorelictea, wanda wakilinsa a ruwan daɗi shi ne Loxodes, shimfiɗaɗɗe mai baki kamar ƙugiya. Babbar cibiyarsa ba ta rabewa sam, duk haihuwa sai an ƙera sabuwa daga ƙarama. Wannan ya sa aka ɗauka su ne kakannin gidan, sai DNA ya nuna 'yan'uwan su Stentor ne.

Duk sauran suna sashe na biyu, Intramacronucleata, waɗanda zaruruwan da ke raba babbar cibiyarsu a cikinta suke, ba a wajenta ba. A nan ne ido yake yaudarar mutum, don haka a nan zan daɗe.

Ka duba ƙasan gilashi ko jikin zaren auduga. Za ka ga wasu shimfiɗaɗɗu suna tafiya da ƙafa, su ruga, su tsaya cak, su ja da baya. Ƙafafun nan gasu ne da aka ɗaure dami-dami. Euplotes da Stylonychia ke nan, ajin Spirotrichea. A gefen bakinsu akwai jerin faifan gashi irin na Stentor sak, shi ya sa shekara da shekaru aka haɗa su ɗaki ɗaya. Amma a asali Euplotes ya fi kusa da Paramecium a kan Stentor. Ɗan ƙaramin nan mai zagaye da yake tsayawa sannan ya yi tsalle ya ɓace daga ido, Halteria, shi ma ɗan ajin ne.

Kwalbar baƙin taɓo kuma za ta ba ka Metopus, mai murɗaɗɗen kai, yana juyi a hankali. Shekaru na yi ina koya wa yara cewa ɗan'uwan Blepharisma ne, don haka tsohon littafin da na gada ya ce, kuma siffa ta goyi baya. Wani tsohon ɗalibina da ya tafi jami'a ne ya zo hutu da takarda a hannu, ya ce, "Malam, an fa raba su." Na zauna na karanta, washegari na gyara a gaban aji. Metopus yana ajin Armophorea, shi da Nyctotherus na hanjin kyankyaso. Ba sa buƙatar iskar oksijin, kuma a cikin jikinsu akwai wasu ƙananan halittu masu samar da iskar metan. Ajin nan DNA ne ya haɗa shi, ido bai isa ya haɗa shi ba.

Na uku a wannan rukuni Litostomatea, masu sauƙin baki. Wasunsu mafarauta ne: Didinium mai siffar tulu da ɗamara biyu ta gashi, wanda yake haɗiye Paramecium da ya fi shi girma, da Lacrymaria mai miƙa wuya kamar zalɓe yana lalube cikin datti. Sauran kuma a cikin dabbobi suke zaune, kuma hanya mafi sauƙi ta ganinsu ita ce mayanka. Nakan je da sassafe da fulas ɗin shayi da na ɗumama da ruwan zafi na zubar. Ranar farko dattijon da ke wanke tumbi ya dube ni ya ce, "Malam, me za ka yi da wannan ƙazanta?" Na ce, "Baba, masu taya saniya narka ciyawa nake so in nuna wa yara." Ya matso mini ruwan tumbin da hannunsa ta cikin tsumma, ya ce in dawo in ba shi labari. Dole ruwan ya zauna da ɗumi kamar jikin saniya, wajen digiri 39, gilashin ma ka ɗumama shi a tafin hannu, in ba haka ba kafin ka saita madubi sun sandare. A mililita ɗaya ana samun dubu ɗari zuwa miliyan. Ƙananan masu gashi a baki kawai Entodinium ne, manyan masu gashi ko'ina Isotricha. Balantidium coli, mai gashi ɗaya tilo da aka sani yana sa wa mutum cuta, ɗan wannan ajin ne. Atini yake kawowa, kuma alade ne babban ma'ajinsa. Ka wanke hannu da sabulu bayan wannan aikin. Azuzuwan nan uku, Spirotrichea da Armophorea da Litostomatea, bincike ya nuna reshe ɗaya ne, ana taƙaita su da SAL.

Ragowar shida su ma reshe ɗaya ne. Colpodea mun riga mun gamu da su a jiƙaƙƙiyar ciyawa. Coleps na Prostomatea ƙaramar ganga ce mai sulke, yana mirginawa, yana taruwa a kan duk abin da ya mutu. Chilodonella na Phyllopharyngea shimfiɗaɗɗe ne da kwandon sanduna a maƙogwaro, kuma ajinsu ɗaya da Suctoria marasa gashin nan. Nassophorea da Plagiopylea ba kasafai za ka ci karo da su ba a farkon koyo.

Babban ɗaki shi ne Oligohymenophorea, ɗakin Paramecium. Ka samo saiwar ciyawar ruwa ka duba gefenta: za ka ga ƙararrawa a kan siririn kara, ka ƙwanƙwasa tebur karan ya nannaɗe kamar sifirin, sannan ya warware a hankali. Vorticella ce. Babu abin da ya haɗa ta da silifa a ido, Stein ma ɗaki dabam ya ba ta, amma ajinsu ɗaya da Paramecium, kuma ba ta da kusanci da Stentor duk da su biyun a kafe suke suna tace ruwa. Idan ƙararrawar da yawa ce a kan kara mai rassa, ka sake ƙwanƙwasawa ka lura: kowace ta janye ita kaɗai, Carchesium, duka suka janye tare, Zoothamnium, karan bai motsa ba, Epistylis. Masu kiwon tarwaɗa sun san 'yan ɗakin nan ko da ba su san sunansu ba: Trichodina mai kama da faifai da zoben haƙora, wadda take hawa fata da matsatsin numfashin ƙananan kifi, da Ichthyophthirius mai sa fararen ɗigo a jiki. Tetrahymena ma a nan take, wadda a jikinta Elizabeth Blackburn da Carol Greider suka gano sinadarin telomares mai gyara bakin zaren gado, aikin da ya kai su ga kyautar Nobel a 2009.

Duk abin da ka gani ka zana shi da fensir yana raye, kafin ka buɗe kowane littafi. Ka rubuta girmansa idan aka gwada da faɗin da'irar da kake gani, inda baki yake, inda gashi yake, yadda yake tafiya, siffar cibiya, da kwalbar da ya fito. Hoton waya ta bakin madubi yana taimakawa, bidiyo ya fi, don tafiya rabin shaida ce. Kuma ka tsaya a sunan jinsi. Ka rubuta Vorticella ko Euplotes ka ajiye alƙalami, kada ka ƙara suna na biyu don zanenka ya yi kama da na littafi. Abin da aka daɗe ana kira Paramecium aurelia, Tracy Sonneborn ya nuna a 1975 cewa nau'i 14 ne da ido ba ya iya rabewa, amma ba sa aure da juna. Wanda ba ka gane ba ka ba shi lamba, ka bar masa shafi.

Kwalba ɗaya ka riƙa duba ta duk bayan kwana biyu har wata guda, don mazaunanta canzawa suke: ƙanana masu cin bakteriya su fara, masu ƙafa su biyo, mafarauta su zo daga baya. Idan kana son wani ya ɗore, ka tsotse shi da abin ɗiga ka mayar sabuwar kwalba mai tafasasshen ruwan kududdufi da ya huce da ƙwayar shinkafa ɗaya, ka maimaita duk mako biyu. Wanda ka gama da shi ka zuba masa bilic kafin ka zubar, musamman na mayanka da na tafkin kifi. Kwalbar baƙin taɓo kuwa kada ka girgiza ta. Ka bar ta ta kwanta mako guda, sannan ka zura abin ɗiga a hankali ka ɗebo daga daidai inda ruwa ya haɗu da taɓo, a nan Loxodes da Spirostomum suke taruwa.